Tirelar da Ta Ƙi Hawa Tudu

Mahaifiyata tana da ƙanne biyu maza, kuma a gidanmu ba a wahalar rarrabe su: akwai Kawu Babba, akwai Kawu Ƙarami. Kawu Babba mai walda ne. Kawu Ƙarami, wanda labarin nan nasa ne, sana'arsa wanki, amma ba na tufafi ba. Yana wanke abin da ba ya shiga baho: tsakar gida, katanga, kafet ɗin ofis, daɓen gidan mai, manyan motoci. A gari ana kiransa Mai Feshi, saboda injin nan nasa mai harba ruwa da ƙarfi, wanda in ya tashe shi sai maƙwabta su ɗaga murya kafin su ji juna.

Da na dawo gida bayan shekarun da na yi ina karatu a nesa, na tarar ya haura hamsin, gemu ya soma fari, amma tafiyarsa tana nan yadda na bar ta, kai a sunkuye, ido a ƙasa. Baƙo zai ɗauka kunya ce. Daɓe yake dubawa. In kuna tafe sai ya ja birki, ya nuna maka tabo da ɗan yatsan ƙafa, ya ce wannan baƙin mai ne kuma bai wuce kwana uku ba, wancan kuwa gansakuka ce, ka ɗaga kai za ka ga bututun da ke ɗiga. In ka ɗaga kai, bututun yana nan.

Ni mutum ne mai yawan tambaya, shi kuma mai son a tambaye shi, sai muka dace. A bakinsa na ji cewa shekara goma sha ɗaya ya yi yana wankin mota da bokiti da tsumma a bakin wani gareji, kafin ya sayi injin na hannu daga wani kamfani da ke rufewa. Ranar farko da ya gwada shi, ya kware fentin ƙofar wani bawan Allah tun daga sama har ƙasa, layi ɗaya ɗoɗar, ya kwashe yinin yana ba da haƙuri. Daga nan ya koyi tazara. Siminti yana son bakin bindigar feshi kusa, kamar taƙi ɗaya na hannu. Fenti yana son a ja baya. Sabulu daga ƙasa ake fara shi a yi sama, ɗauraya kuma daga sama ake sauko da ita, in ba haka ba bango ya bushe da zane-zane. Yana faɗin waɗannan abubuwa da natsuwa, yana kallonka, ya ga ko sun shiga.

Abu ɗaya ne ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya, shi ne ruwa. Injin yana bayan tsohuwar ƙaramar motarsa, tiyo yana naɗe a kujerar baya, amma ruwa na mai gida ne. Inda famfo ke da ƙarfi, aiki ya tafi sumul. Inda babu, sai jarkoki, kuma bayansa ya fara kai ƙara. Matarsa, wadda nake kira Anti, tela ce. Takan ce ta san yawan jarkokin da ya ɗauka daga irin nishin da ya yi wajen cire takalmin roba.

Ana nan sai ga aikin da ya daɗe yana fata. Wani kamfanin bas-bas yana da gareji a kan tudu, can ƙarshen gari, kuma manajan ya ga yadda Kawu ya wanke harabar wani banki. Ya ce bas goma sha biyu, Litinin da Alhamis, duk mako. Sharaɗi ɗaya ne: famfonsu ba ya kawo abin kirki, don haka mai wanki ya zo da ruwansa. Za a fara Litinin ta farkon wata, in bai iso ba akwai wani da ke jira. Mako biyar ke nan.

Ruwan bas goma sha biyu ba ya shiga jarka. Dole sai tirela mai tanki, wadda mota za ta ja.

Akwai irinta a gari. A wani kantin sayar da janareto da injinan ban ruwa, an ajiye wata shuɗiya a bakin ƙofa, da tankinta na lita ɗari shida, da wurin zaman inji, da abin naɗe tiyo. Kawu ya kai mata ziyara sau uku. Abin da ya tara zai iya sayenta. Amma duk zuwan da ya yi, sai ya shafa ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya yi wa mai kanti sallama ya tafi.

Dalili shi ne, a danginmu ba a sayen ƙarfe. Ba wanda ya kafa dokar, amma kowa ya san ta. Gadon mahaifiyata, teburin keken ɗinkin Anti, wurin ajiye takalma, har abin rataye tsintsiya, duk aikin Kawu Babba ne. Kuma duk inda aka ajiye su ranar farko, suna nan har yau, don ba mai iya matsar da su. Sana'arsa ta ainihi ƙofofin gida ne, irin manyan nan masu tsini a sama, kuma duk abin da ya ƙera jinin ƙofa yake ɗaukowa. Shi ya riƙe Kawu Ƙarami bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ƙera masa kurar da ya fara tura bokitai a kai. A sayo tirela a kanti a wuce da ita ta gaban shagonsa, kamar a tsaya a tsakiyar kasuwa ne a ce hannunsa ya mutu.

Anti ta ce a saya, Yaya zai yi fushin kwana biyu ya huce. Ni ma an tambaye ni. Na jero amfanin saye, na jero amfanin ƙerawa, ban bar ko ɗaya ba. Kawu ya saurare ni har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce yanzu ya dawo daidai inda yake kafin in fara.

Bai kai ga yanke shawara ba aka yanke masa. Wata safiya sai ga Kawu Babba a tsakar gida, ƙato, hularsa ta walda a ƙeya, alli a hannu.

"Auta," in ji shi, don har gobe haka yake kiransa, "an ce an gan ka kana shafa tirelar kanti."

Kawu Ƙarami ya ce kallo kawai ya yi. Yayan ya gyara riƙon allinsa. Ya durƙusa a kan daɓen da aka wanke jiya jiya, ya zana tirela da alli, tsawo da faɗi, har da tayoyi. Ya ce ta kanti gwangwani ce, damina biyu za ta yi ta ruɓe. Ya ce me za a yi da lita ɗari shida, shi zai ɗora masa ta dubu, kada ya je ruwa ya yanke masa a gaban mutane. Ƙarfe kuma yana da shi a shago, ba sai an sayo ba. Kawu Ƙarami ya dubi zanen, ya dubi yayansa, ya ce to, Allah ya sa albarka. Anti tana daga ɗaki, sai muka ji keken ɗinki ya ƙara sauri.

Mako uku da rabi aka yi ana aikin. Nakan biya ta shagon da hantsi, wata doguwar rumfar kwano da ƙofofi jingine a bango kamar masu jiran layi. Kawu Babba ya ture aikin mutane gefe. Ya zaɓo ƙarfe mai kauri, irin wanda yake yi wa ƙofa ginshiƙi, ya shimfiɗa gindi. Ya ƙara wani a gicciye, don kada a ce. Ya yi wa inji ɗaki da ƙofa mai kwaɗo biyu. Ya kewaye tankin da sanduna, ya kafa musu tsini a sama, sannan da ya ga akwai sauran wuri, ya lanƙwasa furanni ya manna. In tartsatsi ya lafa yakan ɗaga gilashin fuska ya bugi ƙarfen da guduma, ya ce in saurari ƙarar. Ƙarar kuwa mai daɗi ce, ba ƙarya.

Kawu Ƙarami yana zuwa kullum bayan ya tashi aiki, ya zagaya ta, hannu a baya. Na lura murnarsa ta gaske ce. Wani abu ne a ga babban mutum ya ajiye komai yana zufa dominka.

Ranar Laraba aka gama, aka shafa mata koren fenti. Mutum huɗu suka ɗaga bakinta aka maƙala a ƙugiyar mota. Kawu Ƙarami ya ja, motar ta yi ɗan tari, ta tafi. Aka zagaya unguwa sau biyu, masu shaguna suna ɗaga hannu, mai faci ya ce wannan ko tankar yaƙi sai haka. Da aka tsaya a ƙofar gida, Anti ta fito, tef ɗin awo a wuya, ta zagaya tirelar sau ɗaya, ta ƙwanƙwasa tankin da ɗan yatsa. Ya amsa mata da ƙarar wofi.

"Yaya, sannu da ƙoƙari, ta yi kyau," ta ce. "Da ruwa kuka gwada ko babu?"

Ta ce ita dai ba ta san walda ba, amma ta yi shekaru tana ɗaukar bokiti a ka, kuma ruwa ba nauyi kaɗai gare shi ba, yana da ra'ayinsa: ka yi gaba ya yi baya, ka tsaya shi bai tsaya ba. Ni na san tun a aji cewa lita ɗaya kilo ɗaya ce, amma ina cikin masu tafi, lissafin bai ko zo mini ba. Kawu Babba ya yi dariya, ya ce telan gidan nan ta zama injiniya, gobe a cika tankin a gani.

Washegari aka cika shi har wuya. Tun a ƙofar gida motar ta sauya murya. A miƙaƙƙiyar hanya ta lallaɓa, masu keke suna wuce mu suna gaisuwa. Kawu Babba yana gaba, ni ina baya tare da tiyo. Da muka iso gindin tudun garejin, Kawu Ƙarami ya sa giya ta ɗaya, ya yi bisimilla, ya taka totur. Muka hau kamar kashi ɗaya cikin uku. Daga nan motar ta tsaya tana kuka, wani wari kamar na ƙonannen roba ya cika ciki, sannan a hankali na ga bishiyar da muka wuce tana dawowa. Baya muke yi.

Ya danne birki da ƙafa, ya ja na hannu. Na fita na dinga cusa duwatsu a bayan tayoyi, wasu masu wucewa suka kama mana. Da aka samu ta tsaya, aka buɗe famfon tankin aka zubar da rabi, ruwa ya gangara yana wanke wa hukuma kwalta kyauta. Aka sake gwadawa. A nan maganar Anti ta fito fili: in ya taka totur ruwan ya ruga baya ya fizgi motar, in ya taka birki ya rugo gaba ya mangare ta. Kanmu ya yi ta gyaɗawa kamar masu amsa gaisuwa. Ba mu kai rabin tudun ba. Sai da aka juye tankin tas sannan muka iya juyawa gida.

A hanya Kawu Babba ya ce laifin motar ne, ta tsufa, a nemi babba. Kawu Ƙarami ya ce haka ne, Yaya. Saura kwana huɗu Litinin.

Ranar Juma'a da safe ya ɗora inji a mota ya nufi shagon yayansa, ba wanda ya kira shi. Na bi shi. Ya ce daɓen shagon ya yi datti, bari ya ɗan watsa masa ruwa. Daɓen nan rabonsa da wanki tun kafin a haife ni. Ya fara daga lungu, a hankali, layi bayan layi, tsatsa da baƙin mai suna gudu gabansa. Kawu Babba yana zaune a kan benci yana ɗaga ƙafa in ruwa ya iso. Tirelar tana tsakiya, koriya shar, ba mai kallonta. Na gane wankin nan hanya ce, mutumin yana neman bakin magana ne a ƙasa, inda ya saba neman komai.

Da ya gama ya kashe injin. Ya naɗe tiyo, ya sake kwancewa, ya sake naɗewa. Sannan ya zo ya tsuguna a gaban bencin.

"Yaya, abin da ka ƙera mini, jikokina ma ba za su ga lalacewarsa ba. Amma ba zai je garejin nan ba. In ban je Litinin ba, aikin ya tafi."

Kawu Babba ya daɗe yana kallon daɓen da ke sheƙi. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce ashe simintin nan ja ne, shi ya manta. Can ya miƙe, ya sa tef ɗin awo a aljihu, ya ce a kai shi ya ga gwangwanin.

Mai kantin ya tarbe mu da fara'a, ya fara jero kirarin kayansa, Kawu Babba ya ɗaga masa hannu. Ya kama bakin tirelar da niyyar gwada ƙarfi, sai ta taso masa a hannu ɗaya, har ya yi taga-taga. Ya ɓata rai kamar an zage shi. Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta rigingine, ya shige ƙarƙashinta, ƙafafu kaɗai a waje. Ya fi minti ashirin a can. Muna jin ƙwanƙwasa, muna jin tsaki, wani lokaci kuma shiru mai tsawo. Da ya fito ya hau ya buɗe murfin tankin ya leƙa, ya kira ƙanensa ya nuna masa wasu bangaye biyu masu huji da aka gitta a ciki. Su ke tare ruwa kada ya yi gudu. Ya nuna masa ƙarfen gindin, bututu ne, cikinsa wofi, da inda aka sa tayoyi, an ɗan ja su baya don nauyi ya kwanta a kan mota.

Ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "Wanda ya yi wannan ya san hanya. Ni gida na sani. Saya, Auta."

Kawu Ƙarami ya buɗe baki zai yi magana, yayan ya riga shi. Ya kama ɗan marfin da aka yi wa wurin zaman inji, ya sa babban yatsa ya danna maƙalar kwaɗon, ta lanƙwashe kamar cokalin roba. Ya dubi mai kanti ya tambaye shi ko wannan don ɓarawo aka yi ko don kaza. Ya ce hanya tasu ce, amma tsaro nasa ne, ba za a ajiye injin ƙanensa a cikin wannan abin ba. Mai kanti ya dubi maƙalar, ya ce ai dama ana cire marfin.

Aka sayi tirelar. Asabar da Lahadi aka yi ana ƙera wa injin keji a kanta. Wannan karon Kawu Ƙarami ya yi ta maza ya kafa sharaɗi, cikin ladabi: duk ƙarfen da Anti ba ta iya ɗagawa da hannu ɗaya ba, ba zai hau ba. Anti ta rufe keken ɗinki ta zo shago, aka ba ta kujera. Kawu Babba ya miƙo ƙarfe, ta ɗaga, ta girgiza kai, ya mayar yana gunaguni. Ya ce shekara arba'in yana walda, yau tela ce ke sa masa hannu a takarda. Ta ce ai shi ya ba ta injiniya, ba ta roƙa ba. Ya roƙi tsini, aka hana. Ya roƙi fure ɗaya tak, ƙarami, ta auna shi a tafin hannu ta ce ya wuce. A bayan shago ya yi fentin, wai kada abokan sana'a su ga siririn aikin su ɗauka ciwo yake yi. Amma kejin ya fito tsaf, kuma maƙalar kwaɗonsa ko guduma sai ta yi tunani.

Litinin da sassafe muka cika tanki. Kawu Babba ya iso da wankakkiyar riga, ya ce shi ma za shi, yana so ya ga yadda waldarsa za ta yi a kan hanya. Motar ta tafi ba tari, masu keke suka koma bayanmu. A gindin tudun ya ce a tsaya. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya ce shi kaɗai ya kai jarka huɗu, ba zai zama sanadi ba, zai bi mu a ƙasa, in ta tsaya ya tura. Ƙanen ya roƙe shi ya dawo, ya ƙi.

Kawu Ƙarami ya sa giya ta ɗaya. Motar ta kama tudun, ta wuce bishiyar nan, ta wuce rabi, ba fizga ba mangara. Na waiga na hango Kawu Babba ya miƙa hannu biyu zai tura, tirelar ta bar shi a tsaye da hannu a iska. Tsayawa a tsakiyar hawa ba dabara ba ce, sai muka ci gaba har cikin gareji.

Manajan yana bakin ƙofa yana duba agogo. Ya zagaya tirelar, ya gyaɗa kai, ya nuna bas ta farko. Kawu Ƙarami ya sa takalmin roba, ya buɗe keji, ya tashi inji. Ya shafa sabulu daga ƙasa ya yi sama, ya ɗauraye daga sama ya sauko, farin fenti ya fito daga ƙarƙashin laka. Direbobi suka taru suna kallo. Yana kan bas ta biyu manajan ya yi masa ihu ta cikin ƙarar cewa sai Alhamis, ƙarfe bakwai.

Sai a lokacin Kawu Babba ya shigo, wankakkiyar rigar ta jiƙe sharkaf, yana haki. Ya sami wata tsohuwar taya ya zauna. Ƙanen ya kashe inji ya kawo masa ruwan sha a gora. Ya shanye, ya numfasa, ya miƙa hannu ya girgiza kejin, bai motsa ba.

"Auta," ya ce, "ranar Alhamis ba zan sauka ba."